Maƙwabcina Abu Nur da Littattafansa Huɗu

Shekara ashirin ke nan cif da aka harbe maƙwabcina Jasim a ƙofar wata kotu a Bagadaza. Mu a nan garin Clinton na jihar Maryland a Amurka da Abu Nur muka san shi, wato baban Nur, don al'adar mutanen Iraƙi ce su kira magidanci da sunan ɗansa na fari, shi kuwa 'ya ɗaya tilo Allah ya ba shi. Ni ma Abu Sadiƙ yake kirana, da sunan babban ɗana. Duk shekara idan wannan wata ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Bana na ce ko ta halin ƙaƙa sai na rubuta.

Kuɓewa ce ta haɗa mu. Na zo ƙasar nan daga Zariya don aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo da ke kudu maso yammacin birnin Washington, matata Rabi kuma ta samu aikin jinya a asibiti. Ba mu daɗe da tarewa ba, wata rana ta shigo da sauri tana cewa in zo in ga ikon Allah. Ga kuɓewa a bayan gidan maƙwabci ta yi tsawon mutum, a garin da sai ka yi tafiyar rabin awa kafin ka samu busasshiya a kantin 'yan Afirka. Mai gonar dogo ne siriri, gashin bakinsa ya fara furfura. Ya cika mata kwano. Washegari ta aika masa da tuwo da miya. Ya yi loma biyu don kara, daga baya ya ce mini tsakaninsa da Allah bai taɓa ganin mutanen da suka ci amanar kuɓewa irinmu ba. Su da tumatir da naman rago suke dafa ta, kuma duk wadda ta bari ta yi yauƙi ta ji kunya. Na ce mu kuwa yauƙin muke nema. Shekara takwas muna wannan musu ta kan shinge, ba wanda ya ba da kai.

Guga yake yi a wani shagon wankin kaya. Matarsa ta rasu a Jodan suna jiran takardun gudun hijira, shi kaɗai ya raini Nur. Ya ce mini malamin makaranta ne a da, na kuma yarda, domin duk sallah yakan aiko mana da kati da rubutun hannunsa, Larabci zayyana kamar inji ne ya buga. Turancinsa da ɗan Larabcina na Islamiyya muke gwamutsawa mu yi hira. Abu ɗaya na lura da shi, bai taɓa kama sunan shugaban ƙasarsu ba. "Mutumin" yake cewa. Ko a bayan gidansa, babu kowa daga ni sai shukarsa, sai ya sassauta murya ya waiga kafin ya faɗa. Nakan yi masa dariya, ina ganin ai ni ma na ga mulkin soja, na san yadda ake ɗauke ɗan jarida daga kan teburinsa. Ashe ni a bakin gulbi na tsaya.

Ranar da Bagadaza ta faɗi a hannun sojojin Amurka, da bakina na karanta labarin. Na dawo gida da la'asar na tarar da shi a falona gaban talabijin, don tasa ba ta kama tashoshin waje. Aka nuna yadda aka jawo mutum-mutumin shugaban nasu ƙasa, mutane na dukansa da takalma. Na juya in yi masa barka, sai na ga fuskarsa ko gezau. Can aka nuna wata ma'aikata tana cin wuta, takardu na tashi sama kamar tattabaru, wasu samari na fita da kujeru a ka. Sai Abu Nur ya miƙe tsaye, ya daka tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Takardun! Ku ɗauki kujerun, ku bar takardun!"

Ni da Rabi muka dubi juna. Na ɗauka murna ce ta juyar masa da kai.

Ran Talata ba ya zuwa aiki. Na sha ganinsa da safe sanye da kwat ɗinsa ɗaya tilo yana jiran bas, sai yamma ya dawo. Kusan shekara guda bayan faɗuwar Bagadaza ya ce in raka shi. Muka tafi a motata har garin Upper Marlboro, ya nuna mini kotun gunduma, muka shiga ɗakin da ake shari'ar laifin tuƙi muka zauna a benci na baya. Na tambaye shi ko sammaci aka ba shi. Ya ce a'a, kallo yake zuwa, shekara huɗu ke nan.

Wani direban babbar mota aka kira, ɗan sanda ya ce bai tsaya a inda aka ce a tsaya ba. Alƙaliyar, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta bar direban ya yi wa ɗan sandan tambayoyi. Ina ka tsaya? Akwai bishiya tsakaninmu ko babu? Ɗan sandan ya ce bai tuna ba. Aka kwashe kusan rabin awa a kan maganar bishiya, ni har na fara gyangyaɗi. Daga ƙarshe ta ce shaidar ba ta gamsar da ita ba, ta sallami direba. Na duba gefena sai na ga Abu Nur ya riƙe bencin gaba da hannu biyu, jijiyoyin hannunsa sun tashi.

"Ka gani, Abu Sadiƙ?" ya ce da ni da muka shiga mota. "Gwamnati ta sha kaye. Kuma matar nan za ta tashi ta tafi gida ta ci abincinta, ba wanda zai bi bayanta."

Na sa mabuɗi zan tayar, sai ya dafa hannuna. Ya ce bai taɓa koyar da ko yaro ɗaya ba a rayuwarsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana magatakarda a kotu ta musamman, inda ake kai waɗanda ake zargi da cin amanar ƙasa. A shigo da mutum ashirin ko talatin a lokaci guda, a kwance musu ƙyallen ido. Takardar hukunci an riga an buga ta kafin su iso. Lauyan da gwamnati ta ba su ya miƙe ya roƙi kotu ta yi wa waɗanda yake karewa hukunci mafi tsanani. Kafin shayin alƙali ya huce an gama. Aikinsa shi ne ya rubuta cewa an yi shari'a, kuma umarnin da aka ba shi shi ne kada ya rubuta abin da wanda ake tuhuma ya faɗa. Sai dai kunne ba ya bin umarni. Ya ce tun da ya bar ƙasar yake zuba abin da ya ji a littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, suna da gari da maganar da mutum ya yi, har sun kai huɗu.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a wurin ajiye motocin nan ba. Na kasa murɗa mabuɗi. Mutumin da ya ɗauki 'ya'yana a kafaɗa, wanda muke buɗa baki tare da azumi, shi ne yake gaya mini wannan da muryar da yake gaya mini farashin taki. Na kai shi gida, na yi mako biyu idan na hango shi a bayan gida sai in koma ciki. Rabi ce ta gaji. Tana naɗe kayan aikinta, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Malam, shekara shida ka yi kana karanta sanarwar sojoji a gidan rediyon gida. Wacce ce ka taɓa ƙin karantawa?" Babu ko ɗaya. Da yamma na ɗauki kujerata na koma bakin shinge.

Daga nan ne na san abin da ke cin Abu Nur. Ba ramuwa yake so ba, kuma ba tutar wata jam'iyya yake riƙe da ita ba. Kotu yake so. Yakan ce a kawo mutumin, a ba shi lauya na gaske, a bar shi ya yi magana har ya gaji, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, don ranar da aka yi wa mafi mugun mutum a Iraƙi shari'ar adalci, ranar ce mai gyaran keke zai san shi ma zai samu. Yakan ƙara da cewa idan an gama da manya a zo kansa, shi ma a kira shi a tambaye shi. Da aka buɗe wa 'yan Iraƙi rumfar zaɓe a nan Maryland cikin tsananin hunturu, ni na kai shi. Ya fito ya ɗaga yatsa da tawada shuɗiya kamar yaron da aka yi wa lalle. Ya ƙi wanke hannun. Mako guda yana naɗe yatsan da bandeji a wurin aiki don kada ya ɓata rigunan mutane, in ya dawo gida ya kwance ya duba ko tana nan.

Ana nan sai ya ce zai koma Bagadaza ya ba da shaida kan abin da ya gani a kotun da ya yi wa aiki. Abin ba ƙarami ba ne. A takardar shigowarsa Amurka malamin makaranta ya rubuta, ranar da ya buɗe baki a gaban alƙali ƙofar ƙasar nan ta rufe masa ke nan. Nur na da shekara goma sha tara a lokacin, tana jami'a. Ta same ni a ƙofar gida ina wanke mota. Ammu take kirana, wato baffa.

"Ammu, maganarka kaɗai yake ji. Ka hana shi."

Na ce mata zan yi magana da shi, na kuwa yi. Amma abin da na gaya masa shi ne, idan zuciyarsa ta ce ya tafi, ya tafi, yanzu ai an kafa doka, an rubuta tsarin mulki. Ni da nake karanta labarin bama-bamai sau uku a yini, ni ne na faɗi haka. Na yi ta tambayar kaina dalili. Ina jin so nake wani ya yi abin da ni ban yi ba. Ni na kai shi filin jirgi. Ya tafi da kwafin littattafan, ya bar mini na ainihin a cikin kwalin takalmi, ya ce in ajiye har ya aiko.

Wata biyar ya yi yana yawo daga ofis zuwa ofis. Yakan bugo mini waya ran Juma'a. Wannan ya ce ya dawo gobe, wancan ya tambaye shi wace jam'iyya ta turo shi. Wata rana na ji muryarsa ta canza. Ya ce wani jami'i ya buɗe shafin farko ya tambaye shi, waɗannan 'yan Shi'a ne ko 'yan Sunna? Na ce me ka ce masa? Ya ce, "Na ce masa matattu ne." Duk da haka bai karaya ba. A wayarmu ta ƙarshe murna yake yi, wani alƙali mai bincike ya sa masa rana. Da safiyar ranar, yana tsaye a layin shiga kotu da jakarsa a hammata, mutum biyu a kan babur suka tsaya, ɗaya ya sauko ya kira sunansa, ya waiga.

Har yau ba a kama kowa ba, ba a tuhumi kowa ba, jakar ma ba a sake ganinta ba. Wasu sun ce tsofaffin abokan aikinsa ne da ke tsoron abin da zai faɗa. Wasu sun ce dangin waɗanda aka yanke wa hukunci ne suka gane fuskarsa, ai an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mutumin da ya bar Amurka don neman shari'a, ko fayil ba a buɗe wa gawarsa ba. Nur ce ta fara samun labari. Ta tsallako ciyawar da ke tsakanin gidajenmu ba takalmi, ta tsaya a ƙofata, idonta a bushe, ta ce, "Kai ka kai shi filin jirgi." Ta juya. Shekara tara ban sake jin muryarta ba.

In da ranka ka sha kallo. Sau da yawa nakan ce gara da bai ga abin da ya biyo baya ba. Bai ga yadda aka rataye mutumin, tsohon shugaban nasu, da safiyar babbar sallah ba, ana yi masa ihu, wani na ɗauka da wayar hannu. Ranar na zauna da naman layya a gabana na kasa ci, ba don tausayin wanda aka rataye ba, sai don na tuna wanda ya ce a yi abin a tsanake. Bai ga unguwannin Bagadaza sun rabu gida biyu ba, sunan mutum kaɗai ya isa a kashe shi a shingen bincike. Bai ga samarin da aka haifa bayan yaƙi sun fito dandali suna cewa ƙasa suke so, aka amsa musu da harsashi ba. Ana zaɓe kam, ana ta yi, yatsu na shan tawada. Amma da zai dawo, ba zai tambayi sau nawa aka yi zaɓe ba. Tambayarsa ita ce, a cikin shekarun nan, sau nawa gwamnati ta sha kaye a gaban talaka?

Abin da ya fi girgiza ni ma ba can ya faru ba. Daga bakin ofishinmu ana hango ginin majalisar dokokin ƙasar nan. Duk sa'ad da Abu Nur ya ziyarce ni yakan tsaya ya ƙura wa ƙubbar ginin ido kamar mai kallon wata. A kan titin nan na tsaya wata rana da tsakar hunturu, na ga mutane na hawa bangon ginin kamar ƙadangaru, don zaɓe bai yi musu daɗi ba. Na ce wa abokin aikina ɗan Damagaram, anya ba mafarki muke ba? Ya ce shi dai ya ga irin wannan a gida, bai taɓa zaton zai biyo shi nan ba. Yanzu kuma ga bidiyon jami'an shige da fice rufe da fuska suna cusa mutum a mota a bakin kanti, ba su nuna takarda ba, ba su faɗi inda za su kai shi ba. A unguwarmu akwai matan da suka daina zuwa coci da masallaci don tsoro. Mu kanmu ma'aikatan gidan rediyon wasiƙa ɗaya aka aiko mana aka ce mu zauna a gida. A can yankinmu na Afirka kuwa sojoji sun dawo ƙasa bayan ƙasa, jama'a na tafi, 'ya'yan ƙannena na turo mini hotunansu suna cewa Baba ai waɗannan ne maza. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da Abu Nur na nan, ban san da wane ido zan dube shi ba, ni da na yi ta nuna masa ƙasar nan ina cewa ga yadda ake yi.

Nur ta dawo gare mu bayan ta haifi ɗanta na fari. Ta zama mai haɗa magani a Virginia. Ta shigo ta gaishe da Rabi, ta miƙa mini jaririn, ta ce ta zo karɓar kwalin. Ba mu tayar da tsohuwar magana ba. Ni kuwa a duk tsawon shekarun nan shafin farko kaɗai na taɓa buɗewa. Na gaya wa kaina rubutun ya fi ƙarfin Larabcina, gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ita ta zauna ta karanta su duka, ta fitar da sunaye da garuruwa kawai ta sa a wani zauren intanet na iyalan da ke neman waɗanda suka ɓata.

Makonni uku da suka wuce ta bugo mini ta ce wani mutum zai zo daga Michigan, ba ta son ganinsa ita kaɗai, ko za su haɗu a gidana. Sunansa Karim, direban babbar mota ne, ya doshi hamsin. Yana da shekara shida aka ɗauke mahaifinsa daga rumfarsa a garin Hilla. Ya ce bayan faɗuwar gwamnati sun bi duk jerin sunayen da aka fitar, na waɗanda aka rataye da na kaburburan da aka tono, babu sunan. Mahaifiyarsa ta rasu tana zargin mijinta ya ɓoye mata wata rayuwa. Sai ga sunan a jerin Nur. Rabi ta kawo shayi, bai taɓa ba. Nur ta buɗe littafi na uku, ta karanta da Larabci, sa'an nan ta fassara mini. Ga abin da maƙwabcina ya rubuta:

"Salman Dawud Abbas, mai gyaran keke, daga Hilla. Ya ce, ranka ya daɗe, sunan kakana Abbas, wanda kuke nema Abbud ne, ni ban san shi ba, ga katina. Alƙali ya tambaye ni me ke cikin takardar hukunci. Na ce Abbud. Ya ce takardar hukunci ba ta kuskure, a gyara takardar shigowarsa. Na kankare haruffa biyu da reza na rubuta biyu. Hannuna bai yi rawa ba. Salman ya ce da ni, ɗan'uwa, ai kai ma ka ga katin. Ban ɗaga kai ba."

Nur ta ajiye littafin a buɗe a gabanmu. Shekara ashirin ina gaya wa kaina cewa shi rubutu kawai yake yi, ɗan kallo ne da alƙalami. Ashe akwai ranar da hannun nan, wanda ya rubuta mana barka da sallah, ya ɗauki reza ya shafe mutum daga duniya tun kafin a rataye shi, har iyalinsa suka yi shekara arba'in suna neman sa a inda babu shi. Kuma ba wanda ya tona wannan asiri sai shi da kansa. Ba wanda ya gani, ba wanda zai taɓa sani. Ya zauna a gidan da ke jikin nawa ya rubuta, har da cewa hannunsa bai yi rawa ba.

Karim ya daɗe yana kallon shafin. Sa'an nan ya dubi Nur.

"Ban yafe masa ba. Kada ki roƙe ni."

"Ban roƙe ka ba," in ji ta.

Ya ce yana son shafin, zai kai kotu a Iraƙi a gyara sunan mahaifinsa, a rubuta cewa ba shi aka nema ba. Na kasa yin shiru, na ce kana ganin za su saurare ka? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Ban sani ba, Alhaji. To ina zan kai?"

Nur ta ce ba za a yage shafi ba, kuma takarda ba ta magana sai da mai shaida. Da kanta za ta tafi da littafin ta rantse cewa rubutun mahaifinta ne. Ta juyo gare ni ta ce, "Ammu, wannan karon me za ka ce?" Na ce kada ki tafi, kina da 'ya'ya, don Allah kada ki tafi. Ta yi ɗan murmushi, ta rufe littafin. "Ka makara da shekara ashirin," ta ce. Ta riga ta yanki tikiti, bayan sallah za su tashi.

Tun ranar nake auna maƙwabcin nawa, ma'aunin ya ƙi tsayawa. Ba zan kira shi gwarzo ba, Karim na raye. Ba zan kira shi azzalumi in tsaya nan ba, don na san azzalumai da yawa, a ƙasarsa da tamu, waɗanda suka yi ritaya cikin rawani da lambar yabo, ba wanda ya taɓa rubuta layi ɗaya a kan kansa. An ce mutum tara yake bai cika goma ba, amma wannan karin maganar ta yi wa lamarin Abu Nur kaɗan. Abin da na iya fahimta shi ne, mulkin kama-karya ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Yana buƙatar mai buga takarda, da mai riƙe ƙofa, da mai karanta sanarwa da murya mai daɗi. Maƙwabcina ya san haka fiye da kowa, shi ya sa dimokuraɗiyyar da yake mafarki ba ta tsaya ga faɗuwar mutum-mutumi ba. Ƙasa yake so wadda magatakarda zai iya ɗaga kai ya ce ranka ya daɗe, ba shi ba ne, ya kuma koma gida lafiya.

Bai samu wannan ƙasa ba, ban kuma san ko Nur da Karim za su same ta ba. Abin da na gani da idona dai shi ne, ɗan wanda aka kashe da 'yar wanda ya kankare sunan za su tsaya a layi ɗaya a ƙofar kotu, ba bindiga a hannun kowa, sai littafin 'yan makaranta. Idan akwai abin da ya rage na Abu Nur, wannan ne. Ya kasa ceton mutum ɗaya a ranar da ya kamata, amma ya ƙi barin ƙarya ta zama magana ta ƙarshe, ko da gaskiyar a wuyansa za ta faɗa.

Na tambayi Nur ko in cire maganar reza daga wannan rubutu. Ta ce shi bai cire ba, ni wane ne. Allah ya jiƙan Jasim, ya yi masa hisabi da rahamarsa, don adalci zalla ba wanda zai iya ɗauka a cikinmu. Allah ya kai yarinyar nan lafiya ya dawo da ita. Mai karatu kuma, idan ka ɗaga hannu, ka sa da wani mai gyaran keke daga Hilla wanda ba shi aka nema ba. Sunansa Salman Dawud Abbas.